Barmilin da Yaya Haruna Ya Sauke

Jiya da hantsi maƙwabciyata Sa'adiyya ta leƙo ta kan katanga tana fifita da gefen mayafinta, ta ce, "Halima, wallahi tun da aka kafa Umbadda ba a taɓa yin zafi irin na bana ba." Na ce mata haka ne, don ba na son jan magana rana tana dukan kaina. Kuma gaskiya bana an ji jiki. Wuta ba ta dawo ba tun da yaƙin nan ya bi ta kanmu, famfo ya bushe, rabin gidajen layinmu ba kowa a ciki sai ƙofofi a wangale. Iskar samum, zazzafar iskar hamada, tana tasowa tun kafin azahar kamar an buɗe bakin tanda. Amma duk da haka akwai bangon da mutum zai raɓa, akwai maƙwabciyar da za ka kira ta amsa. Ni na san zafin da ba bango, ba mai amsawa. Duk shekara in rani ya kai nan sai ya dawo mini, kuma ba da hawaye yake zuwa ba. Da fushi yake zuwa.

An fi shekara ashirin yanzu. Lokacin ba mu daɗe da baro Jazira ba, ni da maigidana Usman da 'yarmu Zainab tana tatata. Iyayenmu sun tsufa suna tsinkar auduga a gonakin da ba nasu ba, da aikin ya mutu kuwa ba wanda ya ce musu sannu. Muka tattaro muka sauka a can gefen Umbadda, unguwar da ke bayan birnin Omdurman, inda gari ya ƙare, ɗaki ɗaya na laka da rumfar buhu a gabansa. Innata ta biyo mu, ita ke kwana a rumfar.

Ranin shekarar ya zo da wuri, ya kuma zo da talauci. Da asuba nake tashi in tsaya a bakin hanya ina jiran mai karo, amalanken jaki mai ɗauke da gangar ruwa. In ya iso sai mu matan layi mu yi masa caa, kowa da jarkarta. Abin da na samu kashi uku nake yi masa: na sha a tulu, na girki, sai ɗan ragowar da nake jiƙa tsumma in lulluɓe Zainab da shi in rana ta take. Ruwan wanke kwano ba a zubarwa, shi ake yayyafawa a ƙasan rumfa don ƙura ta kwanta. Gawayi ya yi tsada, don haka mu huɗu muke haɗa wuta ɗaya a gidan wata dattijuwa, kowa ta kawo ƙullunta mu gasa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, bi da bi a kan ƙarfe ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarmu yana cewa cuu a kan ƙarfen. Miya kuwa busasshiyar kuɓewa ce da gishiri, ranar da aka sami albasa ranar daɗi ce.

Ni nakan hau mota in ƙetare kogi har unguwar Sahafa in yi wa masu hali wanki. Usman kuma yakan saɓa shebur ya tafi wajen kasuwar Suk Libya, ya tsaya a bakin titi cikin leburori suna jiran mai neman a haƙa masa rami ko a kwaɓa masa ƙasa. Da yamma in na hango shi tafe, shebur ɗin nake fara dubawa. In na gan shi fes ba laka a bakinsa, ba na tambaya. Sai in miƙa masa ruwa, ya ce, "Gobe ma rana ce, Halima." Mutum ne mai sanyi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa ɗaga wa kowa ba, kuma wannan sanyin nasa yana cikin abin da har yau nake jin haushinsa.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Haruna. Shi kam ana jin muryarsa tun daga bakin layi. Mai fara'a ne, hannunsa a sake, in ya shigo sai ya ɗaga Zainab sama har ta ƙyalƙyale da dariya. Da ƙuruciyarsa ya taɓa bin manyan motoci zuwa arewa yana loda musu kaya, daga nan ya ɗauka ba wanda ya fi shi sanin hamada. A shekarar ya sayi wani tsohon boksi, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda sai an tura take tashi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya zo ya zauna a kan gadon Inna, ya ce, "Usman, har yaushe za ka riƙa tsayuwa a titi kamar sandar fitila? Arewa ana cire albasa a bakin kogi, masu gonaki suna kukan rashin hannu. Har mai dafa wa ma'aikata abinci suke nema. Ga ka ga Halima. Ni zan kai ku, ba ruwanku da kuɗin mota."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Wanda yake kallon 'yarsa tana ramewa ba ya tsayawa bincike. Muka shirya za mu bar Zainab wurin Inna har damina ta faɗi. Wani dattijo maƙwabcinmu, Baba Idrisa, ya ji labari ya roƙa a rage masa hanya. 'Yarsa tana aure a can arewa, ta haihu, bai ga jikan ba.

A lokacin kwalta ba ta kai can ba. Manyan motoci ayari suke yi, su tashi da la'asar sakaliya, su bi sawun da aka sani, inda akwai rumfunan shayi da rijiyoyi nan da can. Kowa ya san haka. Ni da ban taɓa zuwa ba ma na sani.

Ana gobe tafiya Yaya Haruna ya kawo barmil biyu, irin gangunan ƙarfen nan, ya ce in wanke. Ɗaya babba ne, tsaf, na ruwa ne tun asali. Ɗayan ƙarami, an taɓa zuba man jaz, wato man dizal, a ciki. Na wanke shi da toka, na wanke da sabulu, na shanya, warin bai fita ba. Na gaya masa. Ya ce, "Wannan na mota ne, in inji ya yi zafi. Babban shi ne namu." Hankalina ya kwanta. Matan layi suka taimaka mini, kowa ta rage daga nata rabon, har muka cika su biyun.

Da gari ya waye muna ɗaure kaya sai ga wani ɗan kasuwa da karo cike da buhunan sukari. Ashe sun yi magana da Yaya Haruna zai kai masa arewa. Aka loda, aka loda, wuri ya ƙare, saura buhuna a ƙasa. Yaya Haruna ya zagaya motar yana sosa ƙeya. Sai na ji ya ce, "Ku sauke babban barmilin nan."

Na ce, "Yaya, ruwan shanmu ne fa."

"Ga ɗaya can."

"Wancan mai warin jaz ne. Kai ka ce na mota ne."

Ya yi dariya, ya juya wajen mazan da ke tsaye. "Ku ji mini matar ƙanina! Halima, gobe war haka kina wanke ƙafa a kogi. Ruwa za mu je mu tarar, ba gudunsa za mu yi ba. Halas, magana ta ƙare, ku sauke."

Na dubi Usman. Ina tuna yadda na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Yaya ya san hanya." Shi da kansa ya kama gefen barmilin aka mirgino shi ƙasa.

Baba Idrisa ya ce, "Haruna, ba ayari za mu bi ba? Na ga rana ta ɗaga."

"Baba, ayari ta shingen 'yan sanda yake bi, takardun motar nan kuwa sun mutu. Akwai yanke ta bayan duwatsu, mu faɗa babbar hanya can gaba. Na san ta kamar tafin hannuna."

Inna tana goye da Zainab ta ce, "To ta ina ke nan, ko wani ya tambaya?"

"Ta hanyar Allah, Inna!" Aka yi dariya. Ita ce amsar da aka bar wa gida. Ba wanda ya san inda muka nufa, ba wanda zai neme mu in ba mu isa ba, don can ɗin ma ba wanda ya san muna tafe.

Baba Idrisa ya zauna gaba, ni da Usman muka hau kan buhuna. Muka bar gidajen ƙarshe, muka wuce duwatsu, ƙasa ta buɗe. Tsakuwa baƙa, sai yashi, sai tsakuwa, sai 'yan itatuwan ƙaya da ba su da inuwar da za ta rufe akuya. Kafin azahar ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Iska tana bugun fuska kamar ana watsa maka toka mai zafi. Taya ɗaya ta fashe. Da aka ciro safaya sai na ga ta fi wadda ta fashe suɗewa, zarenta a waje. Aka sa ta a haka. Can gaba inji ya fara tafasa, Yaya Haruna ya buɗe barmil ya ɗura wa motar. Aka ƙara gaba kaɗan, ya sake ɗurawa. Kowane ɗuri ina jin sa a maƙogwarona.

Ruwan kuwa in ka kurɓa sai ya tsaya maka a wuya, mai yana yawo a samansa. Baba Idrisa ya sha ya amayar. Na tace masa da gefen mayafina, bai hana ba.

Muka kwana a fili. Washegari da hantsi sai ga habub, guguwar ƙura, ta taso daga gabas, jan bango tun daga ƙasa har sama. Baba Idrisa ya ce a tsaya ta wuce. Yaya Haruna ya ce in an tsaya yashi zai binne mu. Ya ci gaba da tuƙi cikin duhun ƙura, ba ya ganin ko bakin motarsa, yana karkata dama yana karkata hagu. Ni da Usman muka cusa kai cikin buhuna, yashi yana shiga kunne da haƙori. Da ta lafa, babu sawu ko ɗaya a ƙasa, ba na wasu ba, ba namu ba. Duk inda ka juya iri ɗaya ne.

Usman ya leƙa ta taga ya ce, "Yaya, muna kan hanya kuwa?"

"Ka taɓa ganin na ɓata?"

Ya yi ta zagaye da mu har rana ta karkata. A ƙarshe ya faɗa wani busasshen kwari mai laushin yashi, motar ta nutse har ciki. Muka sauke buhuna, Usman ya yi ta haƙa da shebur ɗinsa, muka tura, ta ƙara nutsewa. Yaya Haruna ya yi ta taka ta tana kuka har wani tiyo ya fashe, duk ruwan da aka ɗura mata ya tsiyaye cikin yashi muna kallo. Daga nan ba ta sake tashi ba.

Ba zan iya faɗin kwanakin da muka yi a kwarin nan ba. Rana ce take fitowa ta ƙi faɗuwa. Ba mu da tamfol, ko shi bai ɗauko ba. Muka jera buhunan sukari muka yi ɗan bango, na shimfiɗa mayafina a kai, muka riƙa rarrafawa ƙarƙashin mota muna bin inuwa yadda take juyawa. Kisrar da na yi mana guzuri ta bushe ta zama kamar ɓawon itace, ba yawun da zai jiƙa ta. Sukari kuwa ga shi nan buhu-buhu, mun jingina da shi, mun yi matashi da shi. Yunwa ta sa na lasa sau ɗaya, ƙishin da ya biyo baya ya kusa zautar da ni. Harshe ya kumbura ya cika baki. Leɓe ya tsage, in ka yi magana sai jini. Fitsari ya koma ja, daga baya ya ɗauke. Da rana in na rufe ido sai in ga tulun Inna yana gumi a gindin rumfa, in ga babban barmilin nan a tsaye a ƙofar gidanmu, cike, matan layi suna ɗiba.

Tun yinin farko Baba Idrisa ya ce, "Haruna, ka ƙona tayar nan da ta fashe, ka haɗa da wata. Hayaƙin roba yana tashi sama, makiyaya suna gani daga nesa."

"Wadda ta fashe liƙe ta zan yi. In na ƙona tayoyina da me zan fita? Ba kowa a dajin nan, Baba. Kogi yana nan gabas, bayan tudun can. Mutum mai ƙafa zai kai."

"Kada kowa ya bar mota," in ji Baba Idrisa. "Mota ana hango ta. Mutum ba a hango shi."

Amma da ruwa ya koma ƙasan barmil sai Yaya Haruna ya dawo da maganar kogi. Ya ce shi ba zai iya barin motar da kayan mutane ba, amana ce. Ya ce Usman ya fi shi ƙuruciya. An fara maganar tun da sanyin asuba, lokacin da ya kamata mai tafiya ya riga ya yi nisa in ma tafiyar ce. Baba Idrisa yana hanawa, ni ina hanawa, Yaya Haruna yana rantsuwa da Allah kogi na nan kusa. Kafin a gama rana ta hau.

Na riƙe rigar Usman. Na ce, "Abu Zainab, kada ka tafi. Bai san inda muke ba. Wallahi bai sani ba."

Yaya Haruna ya ce, "Yanzu mace ce za ta hana ka ceton ranmu?"

Usman ya dube shi, ya dube ni. Ya cire hannuna daga rigarsa a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "In na zauna ma mutuwa ce, Halima. Ki kula da Baba." Aka zuba masa ruwa a 'yar jarka, ya mayar da rabi cikin barmil ya ce ya yi masa nauyi. Ƙarya yake yi. Na bi shi da ido yana hawa tudun, yana ƙanƙancewa, zafi yana sa shi rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, har ya ɓace.

Baba Idrisa bai kai la'asar ɗin washegari ba. Tun safe ya daina gumi, jikinsa ya yi zafi ya bushe kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ya yi ta kiran sunan 'yarsa, yana ce mini, "Miƙo shi in gani, miƙo jaririn." Na ɗiga masa ruwa a baki, ya gangaro ta gefe. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada har leɓensa ya daina motsi. Muka tona masa wuri a gefen kwarin da shebur ɗin Usman, ba zurfi, don ba mai ƙarfin. Ba wanka. Ni mace na kama ƙafafunsa muka sa shi.

Sai a lokacin Yaya Haruna ya tsorata. Ba wanda ya ce masa komai. Ya tashi yana tangaɗi, ya jawo tayar da ta fashe, ya tsiyayo sauran mai ya zuba, ya ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama tsaye kamar ginshiƙi.

Rana ba ta faɗi ba sai ga mutum biyu a kan raƙuma.

Wannan shi ne abin da ba ya barina in yi barci in rani ya yi. Ba a yi yini guda ba. Makiyaya ne, suna zaune a wata rijiya yamma da mu, bayan wani tudu da muke kallo kullum. Babbansu ya durƙusar da raƙumi, ya jiƙa tsumma ya matsa mini a baki, ya hana ni kwankwaɗa. Ya ce da Larabcinsu na daji, "Tun yaushe kuke nan? Me ya hana ku yin hayaƙi? Mun daɗe a rijiyar nan." Na nuna masa gabas, na ce mijina ya tafi neman kogi. Ya dubi ɗan'uwansa. Ya ce, "Kogi? Wa ya ce masa akwai kogi a nan? Raƙumi ma sai ya kwana a hanya."

Da gari ya waye suka ce in zauna a rijiya wurin matansu, za su bi sawu. Na ce ƙafata ƙafarsu. Suka ɗora ni a bayan raƙumi. Iska ba ta tashi ba, sawun Usman yana nan raɗau. Da farko a miƙe yake, taku mai faɗi. Can gaba muka tsinci jarkar, ba ko ɗigo. Sai takun ya gajarta, ya fara karkacewa. Muka ga inda ya zauna, muka ga inda ya tashi. Daga nan sawun ya yi kwana. Makiyayin ya nuna mini da sandarsa ya ce, "Nan ya gane ba kogi. Ya juyo. Wurinku yake komawa."

Mun same shi a gindin wata tumfafiya, ya tura kansa cikin 'yar inuwarta. Ya cire rigarsa ya ninke ta a gefe, yadda yake yi in zai kwanta a gida. Fuskarsa tana kallon inda motar take. Su suka yi masa salla, su suka binne shi. Ban yi kuka ba. Ba ruwan da zan yi kukan da shi.

Makiyayan suka kai mu babbar hanya, wata lori ta dawo da mu Omdurman. Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidanmu. Babban barmilin yana nan inda aka sauke shi, da shi aka riƙa shayar da masu gaisuwa. Mata suna shigowa suna rungume ni. "Malesh, sai haƙuri, Halima. Ƙaddara ce. Kwanansa ne ya ƙare." Daga rumfar maza ina jiyo muryar Yaya Haruna, ta dawo masa sarai, yana ba da labari: habub ce, irin wadda bai taɓa gani ba, ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙaninsa jarumi ne, shi ya nace sai ya tafi. Maza suna cewa, "La haula. Allah Ya tsare ka, Haruna."

Na tashi na fita ba mayafi. Na tsaya a bakin rumfarsu na ce, "Ku tambaye shi wa ya sauke barmilin can. Ku tambaye shi me ya hana shi ƙona taya. Ku tambaye shi wa ya ce akwai kogi!" Inna ta biyo ni da gudu ta toshe mini baki da tafinta, tana cewa, "Ki rufa mana asiri, 'yar nan." Wani dattijo ya ce a mayar da ni ciki, rana ce ta taɓa mini kai. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye shi. 'Yar Baba Idrisa da ta zo daga arewa da jaririnta, ita ma habub aka gaya mata. Ba a yi sadakar arba'in ba Yaya Haruna ya ɗauki makaniki da wata mota suka je suka jawo boksinsa. Har sukarin ya kai wa mai shi. Wannan karon ya sami mai nuna hanya, ya kuma ɗauki ruwa.

Na yi takaba, na fita, na kafa teburin shayi a bakin kasuwa. Da shi na rene Zainab har na aurar da ita. Yaya Haruna yakan aiko da hatsi da salla, Inna ta karɓa, ni ban taɓa sa shi a bakina ba. Ya yi arziki daidai gwargwado, ya sauke farali, aka koma ce masa Hajji Haruna. In mun haɗu a hanya nakan gaishe shi, don wan mijina ne kuma baffan 'yata. Daga gaisuwa ban ƙara. Yanzu an shimfiɗa kwalta har arewa, kowa da waya a aljihu. Amma ina zaune a teburina na sha ganin samari cunkus a bayan boksi za su wajen haƙar zinariya, ƙafafu na reto, jarka biyu a ɗaure a gefe, direba yana cewa ya san yanke. In na yi magana su ce, "Hajja, ki yi mana addu'a kawai."

Da yaƙin nan ya zo, Zainab ta bi mijinta suka fita da yara. Ni na ce ba inda za ni, na gama gudu a rayuwata. 'Ya'yan Hajji Haruna ma suka watse, matarsa ta riga ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya hawa mota. Suka bar shi da wani ɗan'uwa, ɗan'uwan ya ga wuya ya gudu. Farkon zafin nan na lura ƙofarsa, da ke kan hanyata, ta kwana biyu ba motsi. Na wuce ta sau ɗaya. Na sake wucewa. A na uku na tura.

Yana kwance a gadon igiya, tulunsa a bushe, ƙudaje a fuskarsa. Leɓensa ya tsattsage ya yi baƙi. Na san irin leɓen nan. Na daɗe a tsaye a kansa, Allah Ya sani ba tausayi ne ya fara zo mini ba. Sannan na koma gida na ɗauko jarkata.

Tun daga ranar kullum da safe nake kai masa. Mai karo ba ya shigowa layinmu yanzu, sai na taka har bakin babban titi, ga gwiwa ta tsufa. Da na gaya wa Zainab a waya sai ta ce, "Inna, ke? Shi?" Na ce to wa zai yi.

Shekaranjiya ina zuba masa a kofi sai ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, sai na sunkuya.

"Halima. Abin nan na Usman. Ƙaddara ce, ko ba haka ba?"

Idonsa yana roƙona in ce e. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi, kowa ya faɗa masa ita shekara da shekaru.

Na ce, "Yaya, rana ƙaddara ce. Habub ƙaddara ce. Barmil kai ka sauke shi."

Ya saki zanen. Ya juya fuska wajen bango, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na jira shi har ya gama. Sannan na sa hannu na tallafo kansa, na kai masa kofin baki.

Na ce, "Sha. Kada ka zubar, da nisa na ɗauko shi."